Amsa ga mai son gyara tsohuwar Lee-Enfield don gasar harbi

Ƙanena, saƙonka ya iso. Ka ce bayan ka cika watannin gwaji a kulob ɗin harbi na garin da kake zaune a Ingila, 'yan sanda sun ba ka lasisi, ka sayi tsohuwar bindigar sojan Birtaniya, Lee-Enfield No. 4 Mk 1, ƙirar masana'antar Maltby ta 1943. Ka kai ta fili, ka ɗora a kan buhun yashi, amma a yadi 100 harsasai goma sun watse faɗin inci 7, kuma da bututun ya ɗauki zafi sai harbin ya riƙa hawa sama. Abokanka na kulob kowa da tasa shawarar: wani ya ce ka rarake katakon gaba yadda ba zai taɓa bututu ba sam, wani ya ce ka cika shi da gam mai daskarewa, wani ya ce ka goge kunama da magagari ta yi laushi, wani ya ce ka huda ƙarfe ka ɗora mata tabarau mai kawo nesa kusa. Kana tambaya ta ina za ka fara.

Kada ka yi ko ɗaya daga cikin huɗun nan tukuna. Shekaruna masu yawa ina harbi da wannan bindiga ina kuma kwance ta ina ɗaurawa, kuma mafi yawan waɗanda na gani sun lalace, masu su ne suka lalata su da niyyar gyara. Aikin da ke gabanka shi ne ka mayar da ita yadda makanikan bindigar soja suka tsara ta tun farko. In ka yi wannan, sau da yawa za ka tarar babu sauran abin da za ka ƙara.

Kafin komai, maganar lafiyarka. Ka kai ta wurin maƙerin bindiga mai rajista wanda ya san Enfield, ya duba maka abubuwa uku. Ya tabbatar akwai hatimin gwaji da doka ta amince da shi a jikinta, kamar na Landan ko na Birmingham, domin a Birtaniya doka ba ta yarda a sayar da bindiga ba tare da shi ba. Ya duba ko an taɓa buga mata haruffan DP, alamar cewa soja sun cire ta daga harbi sun mayar da ita ta fareti kawai. Wadda ke da wannan tambari ba a sa mata harsashi, ko da kuwa tana ƙyalli. Sannan ya duba lambar da ke hannun sakata, wato ƙarfen da ke tura harsashi ya kulle shi a bututu, ta yi daidai da ta gangar jiki. Sakatar Enfield daga baya take kullewa da haƙora biyu, kuma a masana'anta ake daidaita kowace da gangar jikinta har haƙoran biyu su ɗauki nauyi tare. In an sauya sakata ba a daidaita ba, haƙori ɗaya ne ke shan bugun, kuma kowane harbi zai ɗan karkace.

A nan ne kuma zai auna tazarar da ke tsakanin fuskar sakata da gindin bututu, inda leɓen kwanso, wato ɓawon ƙarfen da ke ɗauke da albarushi, ke zama. Ƙa'idar soja ita ce sakata ta rufu a kan geji mai kaurin inci .064, kada ta rufu a kan na .074. Abin daɗi da No. 4 shi ne kan sakatarta kwance shi ake yi, kuma an yi shi girma-girma, lamba 0, 1, 2 da 3, saboda haka in tazarar ta yi yawa ana iya sauya kai da wanda ya fi tsawo. Sai dai kada ka dogara da lambar da aka buga a jiki, don na sha auna kai mai lamba 1 na tarar ya fi wani mai lamba 2 tsawo. A auna da ma'auni. Kuma kada ka ɗauka matse wannan tazara ne zai tara maka harsasai wuri guda. Amfaninsa ga kwanso ne da lafiyar fuskarka. Mutane suna ɓata kuɗi wajen neman kai mai lamba 3 alhali matsalarsu tana can cikin katako.

Bututu kuwa, wanke shi za ka fara yi kafin ka yanke masa hukunci. Bindigar da ta haura shekara 80 takan tara dattin tagulla da na albarushi hawa-hawa, kuma yakan ɗauki kwanaki ana jiƙawa da maganin tagulla ana gogewa kafin ƙyalle ya fito fari. Ta baya za ka shigar da sanda, bayan ka zare sakata, ba ta baki ba. In ya fita tas, ka haska fitila ka duba wurare biyu. Na farko maƙogwaro, wato inci ɗaya ko biyu da ke gaban ɗakin harsashi. Harsashin soja na wancan zamani da albarushin kodait ake cika shi, mai zafin gaske, yana cin maƙogwaro har ya yi kaushi kamar busasshiyar laka. Na biyu baki. Sojoji da igiya suke jan ƙyalle ta cikin bututu, kuma wanda bai ja ta a miƙe ba, igiyar takan ci gefe guda na bakin a hankali. Bakin da ya cinye gefe guda yana barin iskar albarushi ta kuɓuce ta ɓangare ɗaya daidai lokacin da harsashi ke fita, ta ture masa gindi. Wannan maƙeri na iya gyara shi da ɗan aiki kaɗan. Maƙogwaron da ya ƙone kuwa ba ya gyaruwa, amma sau da yawa ana iya zama da shi in an dace da harsashi.

Ka ƙirga tsagin da ke cikin bututunka. Asalin ƙirar biyar ne, murɗin hagu, zagaye ɗaya a kowane inci 10. Lokacin yaƙi, don a gaggauta aiki, an yi da yawa masu tsagi biyu kacal. Masu biyun ba su da laifi, na ga waɗanda ke harbi da kyau ƙwarai, amma su da masu ƙonannen maƙogwaro sukan ƙi harsashi mai tsukakken gindi. Alamar ita ce ka ga huda a takarda ta yi tsawo maimakon zagaye, harsashin ya shiga a kaikaice. Harsashin da aka ƙera bindigar dominsa, wato Mk VII da aka fito da shi a 1910, mai shimfiɗaɗɗen gindi ne, nauyinsa giren 174 (giren ma'aunin nauyin harsashi ne), yana fita da gudun ƙafa 2,440 a daƙiƙa. Shimfiɗaɗɗen gindi yakan ɗan buɗe da bugun albarushi ya cika tsagi, shi ya sa tsohon bututu ya fi son sa. Ka sayi kwali ɗaya-ɗaya na iri biyu ko uku da ake samu a kasuwa, kamar na PPU mai giren 174 da na Sellier & Bellot mai giren 180, ka gwada kowanne a rana ɗaya. In ka ci karo da tsohon harsashin soja, ka ɗauka maƙyastunsa mai gishiri ne har sai an tabbatar maka akasin haka, ka zuba tafasasshen ruwa ta cikin bututu a ranar da ka harba, ka busar, ka shafa mai. In ka bari ya kwana biyu, tsatsa ta kama.

Yanzu ga inda nake zaton ciwon bindigarka yake, kuma a nan zan daɗe.

Lee-Enfield ba kamar Mauser ba ce da ke kwance cikin ƙota guda daga gindi har baki. Katakonta biyu ne. Na gindi yana shiga wani zoben ƙarfe a bayan gangar jiki, dogon noti ya riƙe shi. Na gaba kuma, wanda bututu ke kwance a ciki, sukuru ɗaya tak ke ɗaure shi, wanda ke gaban gidan harsashi, masu harbi suna ce masa sarkin sukuru. To me ke hana wannan dogon katako motsi duk lokacin da aka harba? A can bayansa, ta ciki, akwai wasu kafaɗu biyu da aka sassaƙa a karkace, Turawa na ce musu duros. Su ne ke tokare da wasu ƙafafun ƙarfe biyu da ke ƙarƙashin gangar jiki, sai katakon ya matsu tsakanin ƙafafun nan da zoben baya kamar an buga weji. In kafaɗun nan biyu suna da ƙarfi kuma sun tokare daidai wa daida, bindiga za ta yi harbi. In sun murƙushe, ko mai ya jiƙa su sun yi laushi, ko ɗaya ta fi ɗaya tokarewa, to katakon yana zamewa kaɗan a kowane harbi, kuma bututu ba ya komawa inda ya tashi. Watsewar inci 7 da kake gani, da wuya in ba daga nan take ba.

Ga yadda za ka gane. Ka tabbatar babu harsashi, ka cire zobban da ke riƙe da katakon sama mai rufe bututu, ka kwance sukurun mariƙin kunama na gaba, wato sarkin sukuru, da na baya. Katakon gaba mai lafiya ba ya faɗowa da kansa. In ya zame ya faɗo hannunka, ka riga ka sami amsa. In kuma ya kama, kada ka kuskura ka ja shi ta wajen baki kamar mai ɓare rake, domin wannan jan ne ke farfasa kafaɗun. Ta baya ake fitar da shi: ka ɗora guntun katako a gefen sama na bayansa, hagu da dama, kana bubbugawa a hankali har ya sauka a miƙe. Da ya fita ka duba kafaɗun da kyau, ka duba kuma ko akwai tsagewa a bayan katakon.

Gyaran da makanikan soja ke yi shi ne su yanke ruɓaɓɓen wurin, su dasa guntun katako mai tauri da gam da turaku, sannan su riƙa fiƙewa kaɗan-kaɗan. Ana shafa baƙin hayaƙin kyandir a ƙarfen, a mayar da katako, a fitar, a ga inda baƙin ya taɓa, a kankare nan kawai, a sake. Aikin yini guda ne ko fiye, kuma gaggawa ba ta da wuri a cikinsa. Farkon wanda na yi da hannuna, na kankare kafaɗar dama fiye da kima, bututun ya koma yana jingine da gefen hagu na katako a wajen baki, dole na sake dasa wani guntun daga farko. In ba ka saba da aikin katako ba, ka ba wanda ya saba, ka tsaya kusa da shi ka kalla.

Bayan kafaɗu, sai inda ƙarfe ya kamata ya taɓa katako da inda bai kamata ba. Gangar jiki ta zauna daram a kan shimfiɗarta, musamman kewayen sarkin sukuru. Kaurin gindin bututu ya zauna a tsakiyar katako. Daga nan har zuwa kusa da baki kada katako ya taɓa bututu ko kaɗan; ka zura siririyar takarda ka ja, ta wuce ba tare da ta maƙale ba. A can ƙarshe kuma, wajen baki, katakon ya tallabi bututun daga ƙasa, yana tura shi sama da nauyin da ya kai laba 3 zuwa 7, wato kilo ɗaya da rabi zuwa uku da ɗan kai. Ana auna wannan da ƙaramin sikeli mai ƙugiya: ka ɗaga bakin bututu har takardar da ka sa a ƙarƙashinsa ta zare, ka karanta. In ka ɗaga shi da yatsa ka saki, ya kamata ya koma tsakiya da kansa kowane lokaci. In ka tura shi hagu ya zauna a hagu, akwai sauran aiki.

Wannan tallabin ne abokinka ke so ka rarake ka zubar. Shawararsa tana da asali, don bindigogin gasa na zamani masu kaurin bututu haka ake barin su suna lilo ba abin da ya taɓa su. Amma bututun No. 4 siriri ne in aka gwada da nasu, tsawonsa inci 25 da ɗan ɗori, kuma yana kaɗawa kamar bulala in harsashi na bi ta cikinsa. Tallabin baki shi ke daidaita wannan kaɗawar ta zama iri ɗaya a kowane harbi. Akwai masu Enfield da suka bar bututu yana lilo suka dace, ban musa ba. Amma katakon da ka kankare ba ya dawowa, kuma katakon gaba na asali mai kyau yana ƙara wuya da tsada kowace shekara. Tsofaffin masu gasa a Bisley, babban sansanin gasar harbi na Ingila, sun ɓullo da wata hanya ta daban, inda ake tallabar bututu a tsakiya maimakon baki, kuma shagon Fulton da ke cikin sansanin ya yi suna a kan daidaita waɗannan bindigogi. Hanya ce mai kyau, amma ta wanda ya riga ya ga iyakar abin da tsarin soja zai ba shi ce.

Hawan da harbinka ke yi in bututu ya yi zafi yana nuna akwai inda ake gogayya. Ka duba cikin katakon sama guda biyu, wurin da ya yi baƙi ko ya yi santsi shi ne ke taɓawa. Ka duba na gaban musamman, don yakan zame gaba da bugun harbi har ƙarfen bakinsa ya tokari gindin saitin gaba. Ya kamata a sami 'yar tazara a nan.

Sarkin sukuru yana da wani ɗan zoben ƙarfe da yake ratsawa a cikin katako. Aikin zoben shi ne ya tsayar da sukurun daidai lokacin da katako ya matsu yadda ake so, kada a murƙushe shi. To katako yana ƙanƙancewa da shekaru, sai ya zama sukuru ya ɗaure tam a kan zobe alhali katakon yana kwance sako-sako a ƙarƙashi. Maganinsa a rage tsawon zoben kaɗan, gwargwadon kaurin takarda, a gwada, a sake. Kada ka cire zoben gaba ɗaya kamar yadda wasu ke yi. Shi ma notin katakon gindi ka tabbatar ya ɗauru, kuma ka duba harafin da ke saman gindin: an yi su tsawo huɗu, B da S da N da L, bambancin rabin inci tsakanin kowanne. Mutum dogo da gajeren gindi ba zai taɓa samun zaman ido iri ɗaya a bayan saiti ba. Katakon da ya bushe kuma ɗanyen man linsid yake so, a shafa kaɗan a goge, kuma tsumman da ka yi aiki da shi ka shanya shi a buɗe ko ka jiƙa shi da ruwa, don in aka dunƙule shi yana iya kama wuta da kansa.

Game da gam mai daskarewa, yana aiki, ba zan ce ba ya yi ba. Amma ka karanta dokar rukunin da kake son shiga kafin ka buɗe gwangwani. A gasannin tsofaffin bindigogi akwai rukunin bindiga yadda aka ba soja ita, akwai kuma rukunin da aka yarda a sa saitin gasa da maratayin gasa. Abin da ya halatta a ɗaya yana iya fitar da kai daga ɗayan. Ƙungiyar masu Lee-Enfield ta Birtaniya, LERA, da hukumar harbi ta ƙasa, NRA, da ke Bisley duk suna da dokokinsu a rubuce.

Kunama kuwa, ka bar magagari a akwati. Jan kunamar No. 4 hawa biyu ne: na farko laba 3 zuwa 4, ka ji ta tsaya, sannan na biyu laba 5 zuwa 6 da rabi ta tashi. Fuskokin ƙarfen da ke riƙe da juna a ciki taurinsu a fata yake kawai. In ka goge fatar ka shiga ƙarfe mai laushi, zai riƙa cinyewa, wata rana bindiga ta tashi da rufe sakata. Wankewa da ɗigon mai a inda ya dace sun isa, in kuma ana bukatar fiye da haka aikin maƙeri ne. Abin da ya kamata ka sani shi ne a Mk 1 irin taka, kunamar a jikin mariƙinta take rataye, mariƙin kuma a kan katako yake zaune. Saboda haka in katako ya kumbura da damina ko ya ƙanƙance, ko ka sauya ɗaurin sarkin sukuru, jan kunama zai sauya. Wannan ne dalilin da ya sa a 1949 aka fito da Mk 2, aka mayar da kunamar jikin ƙarfen gangar jiki. Sau da yawa wanda ya gyara zaman katako yakan tarar kunamarsa ta gyaru ba tare da ya taɓa ta ba.

Saiti shi ne wurin da za ka kashe kuɗi ka ga amfaninsu nan take. Yawancin ƙirar lokacin yaƙi sun fito da ɗan saitin baya mai kifawa, huda biyu, yadi 300 da 600. Wannan na fagen fama ne. Ka nemi saitin Mk 1 mai sukurun murɗawa, wanda aka fi sani da Singer, mai zane daga yadi 200 zuwa 1,300. Kowane ƙas da ya yi yana ɗaga harbi kimanin inci ɗaya a yadi 100. Yana shiga gurbin wancan ba tare da huda ko yanka ba, kuma na soja ne na asali. Shi ba ya gyara hagu da dama, wannan a saitin gaba ake yi: in harbi na faɗawa hagu, ka matsar da ɗan harshen gaba zuwa hagu. Harsunan kuma tsawo-tsawo ne, bambancin inci .015, kowane mataki yana sauya harbi kusan inci 2 a yadi 100. In harbi ya yi sama, ka sa harshe mafi tsawo. Ka sa saitin baya a 200, ka nemi tsakiyar harbinka ya faɗi kimanin inci 3 sama da inda ka auna a yadi 100. In kuma rukunin saitin gasa za ka shiga, Parker-Hale 5C ko na A.J. Parker su ne aka yi wa No. 4, suna ɗauruwa a gefen hagu da ramukan da ke jikinta tun asali, suna kuma gyara iska. Tabarau dai ina roƙonka ka haƙura. Huda gangar jikin bindigar 1943 ɓarna ce da ba ta da magani.

Me za ka sa rai da shi bayan duk wannan? No. 4 mai lafiyayyen bututu da katakon da ya zauna, da harsashin da take so, tana tara harbi goma cikin inci 2 zuwa 3 a yadi 100. Ka tuna ko waɗanda aka zaɓo aka kai wa kamfanin Holland & Holland ya mayar da su na gwanayen harbi lokacin yaƙi, abin da aka nema gare su shi ne harbi bakwai cikin inci 5 a yadi 200. Wanda ya ce maka tasa tana yin rabin inci kullum, harbi uku yake ƙirgawa. Kai ka riƙa yin goma, ka rubuta komai a littafi: rana, harsashi, yanayi, abin da ka sauya. Kuma abu ɗaya za ka sauya kafin kowane gwaji. In ka gyara kafaɗu, ka sauya harsashi, ka sa sabon saiti duk a mako ɗaya, ko ta gyaru ba za ka san dalili ba, in ta sake lalacewa kuma ba ka san inda za ka koma ba. Ɗakin harsashi da harsashin kansa su kasance a bushe ƙayau. Mai ko ruwan sama a jikin kwanso yana hana shi kama bango, bugun duka ya koma kan sakata, harbi ya tashi sama. In kana tara kwanso don sake cikawa, ka riƙa duba ɗan zobe mai haske da ke fitowa sama da gindi, alamar ya kusa rabewa ne, ka jefar.

Akwai wani hali na wannan bindiga da ya sa tsofaffi ke ƙaunarta a dogon zango. Saboda yadda bututun ke kaɗawa, harsashin da ya ɗan fi sauran rashin gudu yakan fita lokacin da baki ya fi ɗagowa sama, mai gudu kuma ya fita tun baki na ƙasa. A kusa wannan yana sa harbi ya miƙe sama da ƙasa, amma can wajen yadi 900 zuwa 1,000 sai su haɗu. Shi ya sa a zamanin da ake gasar Bisley da harsashin soja, Enfield ta daɗe tana riƙe da martabarta a Stickledown, filin dogon zango na Bisley. Da 'yar'uwarta SMLE Marjorie Foster ta ci Kyautar Sarki a 1930, mace ta farko da ta yi haka. Saboda haka kada takardar yadi 100 kaɗai ta sa ka yanke ƙauna.

Ka ambata cewa abin da ya ja ka ga wannan bindiga shi ne kakanka ya yi yaƙin Bama, wato Burma, a Yaƙin Duniya na Biyu. Na ji wannan a raina. Dakarun Afirka ta Yamma na runduna ta 81 da ta 82, waɗanda Hausa ce harshen da yawancin na Najeriya ke magana da shi a bariki, Lee-Enfield suka riƙe a kwarin Kaladan da Arakan har zuwa Myohaung a Janairun 1945, kuma sunayen Arakan da Myohaung suna nan a barikokin Legas har yau. Sojojin sa-kai na arewacin Kanada ma sun riƙe No. 4 tun daga 1947 har shekara 70 da 'yan kai kafin a sauya musu. Amma tunda ka ce kana zuwa gida hutu, bari in faɗa maka a fili: lasisinka na Ingila a Ingila ya tsaya. Dokar makamai ta Najeriya ta 1959 ta sa bindigar soja mai harsashin .303 cikin jerin haramtattu. Ko kwanso ɗaya da aka riga aka harba kada ya kwana a aljihun jakar da za ka yi tafiya da ita. Ka zazzage ta kafin ka nufi filin jirgi.

A wannan makon, ka wanke bututu, ka kai wa maƙeri ya auna, sannan ka sauke katakon gaba ta baya yadda na kwatanta, ka ɗauki hoton kafaɗun biyu da cikin katakon sama ka turo mini tare da takardar harbinka ta ƙarshe. In ta zauna, sai mu nemi rana a filin Century na Bisley mu gwada ta a yadi 300, daga nan 600, inda iskar mil 10 a awa daga gefe ke ture harsashin .303 kusan yadi guda. Ka zo da littafinka da harsashi 40 iri ɗaya, kwali ɗaya in zai yiwu.